Littafin Stephen King da na saya a gwanjo bugun farko ne? Kuma daga ina zan fara tara masu zane?

"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina karanta littattafan Stephen King, amma duk ƙanana ne masu bango mai laushi. Makon jiya na ci karo da 'It' mai bango mai kauri, da rigarsa ta takarda, a wajen wani mai sayar da littattafan gwanjo. A shafin da ke bayan sunan littafin an rubuta 'First published in 1986'. Wani abokina ya ce na tsinci dami a kala, wai bugun farko ne kuma kuɗi ne mai yawa. Ta yaya zan tabbatar? Sannan ina sha'awar in fara tara littattafansa masu zane da waɗanda ba a cika samu ba, sai dai ƙarfina kaɗan ne. Daga ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu biyu ka tambaya: ko littafin da ke hannunka bugun farko ne mai daraja, da kuma ta wace ƙofa mai ƙaramin ƙarfi zai shiga harkar tara littattafan wannan marubuci. Bari in fara da na farkon domin hankalinka ya kwanta. Mai yiwuwa ne ƙwarai littafinka bugun farko ne. Sai dai ko ya tabbata haka, "It" na 1986 ba ya cikin littattafan King masu wuyar samu. Lokacin da kamfanin Viking ya fitar da shi, King ya riga ya zama gagara-badau a fagen labaran ban tsoro a Amurka, shi ya sa tun a tashin farko aka buga kwafi dubu ɗaruruwa. Abin da aka buga da wannan yawa, ko bayan kusan shekara arba'in yana nan jibge a gidajen mutane da shagunan gwanjo. Wanda ya fita tsaf yana da ɗan kuɗinsa, amma bai kai yadda abokinka ya zuzuta ba.

Na fi shekara ashirin ina saye da musayar tsofaffin littattafan Turanci, tun ina ɗalibi a Ingila, kuma kuskuren da na fi gani wajen sababbin shiga shi ne ɗaukar "bugun farko" a matsayin dukiya ita kaɗai. Abin da ke sa wa littafi daraja shi ne kwafi nawa aka buga, nawa suka tsira da lafiyarsu, kuma mutum nawa ke nemansu. Dubi Carrie, littafinsa na farko, wanda kamfanin Doubleday ya fitar a 1974. Kwafi 30,000 aka buga. Lokacin da ya rubuta shi King malamin makarantar sakandare ne a jihar Maine, ba wanda ya san shi, ba wanda ya yi tunanin adana littafinsa. Da yawa sun tafi ɗakunan karatu an danna musu hatimi, saura aka karanta har suka ragargaje. Wanda ya tsira da rigarsa lafiya lau yau ana rububinsa. Duka biyun bugun farko ne, amma tsakanin Carrie da "It" akwai tazara mai nisa.

Yadda ake gane bugun farko

Kowane kamfani da irin tasa alamar, kuma King ya sauya kamfani fiye da sau ɗaya, don haka sai ka fara duba wa ya buga littafin. Littattafansa biyar na farko da ke ɗauke da sunansa, wato Carrie, 'Salem's Lot, The Shining, Night Shift da The Stand, duk Doubleday ne ya buga su tsakanin 1974 da 1978. A waɗannan za ka ga an rubuta "First Edition" a shafin haƙƙin mallaka, wato shafin da ke bayan sunan littafi. Akwai kuma wata ƙaramar lamba da maɗaba'a ke sakawa a ɗaya daga shafukan ƙarshe, can ƙasa cikin lungun ɗinki, wadda sai ka buɗe littafin sosai kake ganinta. A Carrie lambar ita ce P6 a shafi na 199. A 'Salem's Lot Q37 ce a shafi na 439, a The Shining kuma R49 a shafi na 447. Harafin shekara yake nunawa, lambar kuma mako. R49 na nufin mako na 49 na 1976, wato an gama buga littafin a Disamba, ya shiga kasuwa a farkon 1977.

Daga The Dead Zone na 1979 ya koma Viking, kuma nan ne littafinka ya faɗo. Viking a wancan zamani kan rubuta "First published in" da shekara da sunan kamfani, idan an sake bugu sai a ƙara bayanin hakan a wannan shafi. Saboda haka ka karanta shafin tun daga sama har ƙasa, ka tabbata ba inda aka ambaci bugu na biyu ko na uku. Daga 1998, da Bag of Bones, ya koma Scribner, inda ake amfani da jerin lambobi kamar 1 3 5 7 9 10 8 6 4 2. Muddin 1 na cikin jerin, bugun farko ne. In mafi ƙanƙanta a ciki 3 ce, to bugu na uku ke nan. A shafin intanet na King kansa akwai jadawalin waɗannan alamomi littafi bayan littafi, har da farashin da ya kamata a gani a jikin riga. Ka sauke shi a wayarka, ya zama yana tare da kai duk sanda za ka shiga kasuwa.

Sai maganar riga, wato takardar nan mai hoto da ake naɗe bango da ita, wadda mutanenmu da yawa kan cire su yar domin tana damunsu wajen karatu. A wajen masu tara littattafan zamani, mafi yawan kuɗin littafi a jikinta yake. Bugun farko maras riga ba ya kai ko kusa da rabin kuɗin mai riga. Labarin 'Salem's Lot na 1975 ya isa misali. Rigar da aka fara bugawa tana ɗauke da farashin dala 8.95, kuma a taƙaitaccen bayanin labarin an yi kuskure an kira limamin coci "Father Cody", alhali sunansa Callahan, Cody kuwa likita ne a cikin labarin. Kamfanin ya rage farashi zuwa 7.95, aka yanke kusurwar rigunan aka buga sabon farashi, daga baya kuma aka sake rigar da sunan da ya dace. Littafin ciki ɗaya ne, rigar ce iri uku, kuma ta farkon nan mai 8.95 da ba a yanke ba 'yan ƙalilan ne suka rage a duniya.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne bugun kulob. A Amurka da Birtaniya an yi kulob-kulob na masu karatu, mutum ya yi rajista a riƙa aiko masa da littattafai ta gidan waya a kan farashi mai sauƙi. Su ma bangonsu mai kauri ne, hoton riga iri ɗaya, wani lokaci har rubutun shafin haƙƙin mallaka ba a canzawa. Ni ma ya taɓa kama ni. A farkon shigata harkar na sayi The Shining ta intanet daga wani da ya nuna hoton gaban littafin kawai. Ranar da ya iso, tun kafin in gama buɗe kwalin jikina ya ba ni, domin ba shi da nauyin da na sani. Na jera shi da wani littafin Doubleday na kasuwa, sai ga shi ya fi shi gajarta da kamar faɗin yatsa. Na buɗe harshen riga na gaba, wato gefenta da ake lanƙwasawa cikin bango: babu farashi a sama, a ƙasa kuma ga "Book Club Edition" da ƙananan haruffa. Kuɗin abincina na wajen mako biyu ne suka tafi, kuma abin ya daɗe yana yi mini ciwo. Tun daga ranar ban sake sayen littafi ba sai na ga hoton harshen riga da na shafin haƙƙin mallaka. Wasu kulob ɗin girman nasu daidai yake da na kasuwa, sai dai ba farashi a riga, kuma in ka shafa bangon baya ta ƙasa kusa da ƙashin bayan littafi za ka ji wani ɗan tambari da aka danna ba tawada.

Ka kuma duba ko naka na Birtaniya ne. Yawancin littattafan King da ke yawo a kasuwanninmu ta can suka biyo, bugun Hodder & Stoughton ko New English Library, da farashi a fam. Su ma suna da masu tara su, kuma wasu hotunan bangonsu sun fi na Amurka kyau a idona. Amma a al'adar wannan harka, bugun ƙasar marubuci shi aka fi ba wa muhimmanci.

Masu zane

A nan ne nake ganin ƙarfinka zai yi maka amfani, kuma a nan ne zuciyata ta fi karkata. King ya taso yana karanta mujallun ban tsoro masu zane, kuma ya yi aiki da manyan masu zane fiye da yawancin marubutan da suka kai shi kasuwa. Abin farin cikin shi ne zanen da ke cikin bugu mai tsadar gaske, sau da yawa shi ne dai a cikin bugu mai araha da ya biyo baya.

Jerin The Dark Tower shi ne gidan zane. Littafin farko, The Gunslinger, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Donald M. Grant ya fitar da shi a 1982, da zanen launi na Michael Whelan: kwafi 10,000 na kasuwa da 500 masu lamba da sa hannu. Yawancin masu karatun King ba su ma san ya fito ba. Sai a 1983 da Pet Sematary ya fito, aka sa sunansa a jerin ayyukan marubucin a farkon littafi, mutane suka bazama shaguna nema, babu. Wasiƙu suka yi ta kwarara har aka sake buga wasu 10,000, su ma suka ƙare. Sai a 1988 kamfanin Plume ya fitar da shi a babban bugu mai bango mai laushi, da zanen Whelan a ciki. Bugun Grant na 1982 ya fi ƙarfin yawancinmu. Na Plume kuwa ana samunsa a gwanjo, kuma gwarzon labarin, Roland ɗin nan mai bindiga da ke tsaye cikin hamada, shi ne dai wanda mai bugun Grant ke kallo.

Kowane littafi a jerin da mai zanensa. Phil Hale ne ya yi The Drawing of the Three na 1987, Ned Dameron ya yi The Waste Lands na 1991, Dave McKean ya yi Wizard and Glass na 1997, Bernie Wrightson ya yi Wolves of the Calla na 2003, Darrel Anderson ya yi Song of Susannah na 2004, sannan Whelan ya dawo ya rufe da littafi na bakwai a wannan shekarar. A 2012 aka ƙara The Wind Through the Keyhole, wanda Jae Lee ya yi wa bugun Grant zane. In ka jera su za ka ga mutum ɗaya, Roland, da fuskoki daban-daban, kowane mai zane da yadda ya hango shi. Na McKean kamar mafarki suke, hoto da fenti a cakuɗe, har wasu masu karatu ba sa son su. Ni ina son su, domin littafin kansa tuna baya ne, kuma abin da ake tunowa ba ya fitowa garau. Uku na ƙarshen nan na 2003 da 2004 an buga masu bango mai kauri da yawan gaske, da shafukan launi a ciki, don haka ba su da tsada. Ka dai kula, ƙananan bugu na aljihu galibi ba su da shafukan launin.

Da za a ce in zaɓi mai zane ɗaya in bi shi, Bernie Wrightson zan bi, wanda ya rasu a 2017. Shi ya zana Creepshow na 1982, da Cycle of the Werewolf na 1983, da cikakken The Stand na 1990 wanda aka mayar wa shafuka kusan 400 da aka cire a bugun 1978, sai kuma Wolves of the Calla. Cycle of the Werewolf asalinsa kalanda aka so yi, kowane wata da hotonsa da ɗan gajeren rubutu, sai labarin ya ƙi tsayawa a gajere ya zama littafi mai babi goma sha biyu, daga Janairu zuwa Disamba, a kan wani ƙaramin gari da mutum mai rikiɗa ya addaba. Wani ƙaramin kamfani mai suna Land of Enchantment ne ya fara fitar da shi, Signet kuma ya yi bugu mai araha a 1985 da zanen duka. Nawa kwafin na Signet ne. Wani lokaci da yamma nakan ɗauko shi in sa gilashin ƙara girma a kan zanen baƙi da fari da ke buɗe kowane wata. Abin da ido ke ɗauka inuwa ce, da ka matso sai ka ga siraran layukan alƙalami ne ɗaruruwa, an jera su ɗaya gefen ɗaya, inda ake son duhu a matse su, inda ake son haske a sassauta, har farin takarda ya zama dusar ƙanƙara. Aikin hannu ne na mai haƙuri, irin na mai ɗinkin babbar riga.

Akwai kuma The Eyes of the Dragon, wanda ya rubuta domin 'yarsa Naomi da ba ta son labaran ban tsoro. Ɗan kamfaninsa na kansa, Philtrum Press, ya fara fitar da shi a 1984, kwafi 1,000 na sayarwa da 250 da aka sa wa lamba da jar tawada domin rabawa. Bugun Viking na 1987 yana da zanen David Palladini, mai laushi kamar na littafin tatsuniya, kuma yana da sauƙin samu. Daga Landan, Folio Society ta fitar da The Shining da Misery da zanen Edward Kinsella, a takarda mai kyau da ɗinki mai ƙwari, cikin gidansu na kwali. Ba su da sa hannu, amma wajen daɗin riƙewa da karantawa sun fi bugun farko da yawa.

Na manyan masu kuɗi

Ya kamata ka san su ko ba za ka saya ba, domin kada wani ya ruɗe ka da sunansu. Ƙananan kamfanoni irin su Grant da Cemetery Dance da Suntup kan kasa bugunsu kashi uku. Akwai masu harafi, sau da yawa 26 daga A zuwa Z ko ninkin haka, a fata da akwati. Akwai masu lamba, ɗaruruwa ko dubu da wani abu, da sa hannu. Sai wanda ake kira "gift edition", shi ma na sayarwa ne, wanda ba sa hannun marubuci amma zanen na ciki. Firestarter na Phantasia Press a 1980, labarin yarinyar da ke tayar da gobara da tunaninta, an yi 725 masu lamba, sannan 26 masu harafi aka yi musu bango da yadin asbestos, abin da wuta ba ta ci. The Stand na 1990 an yi 1,250 a baƙar fata cikin akwatin katako, da sa hannun King da Wrightson, masu tarawa na kiransa akwatin gawa. My Pretty Pony na 1989, wanda gidan adana zane na Whitney da ke New York ya fitar tare da Barbara Kruger, bangon ƙarfe ne da agogo a manne. Waɗannan a wajen gwanjon manyan dillalai suke sauya hannu. Duk wanda ya tallata maka ɗayansu a Facebook ko WhatsApp a kan kuɗi kaɗan, ka tuna araha ba ta ado.

Inda sa'ar ɗan gwanjo take shi ne littattafan Richard Bachman, sunan da King ya ɓuya a bayansa har aka gano shi a 1985. Rage na 1977, The Long Walk na 1979, Roadwork na 1981 da The Running Man na 1982 duk sun fito ne a ƙananan bugu masu arha na Signet, ba sunan King ko'ina a jikinsu. Aka karanta aka yar. Idan ka ga siririn littafi mai sunan Bachman shi kaɗai, ka ɗauka ka duba shekara. Rage ya fi sauran wuya, domin King da kansa ya sa aka daina buga shi bayan an danganta shi da harbe-harben da wasu ɗalibai suka yi a makarantu, har da na jihar Kentucky a 1997. Tsofaffin bugu na The Bachman Books, wanda ya fara fitowa a 1985, suna da labarai huɗu har da Rage, na baya kuma uku. Wasu masu sayarwa na tsawwala kuɗin mai huɗun, alhali an buga shi da yawa. In ka same shi da sauƙi ka saya, kada ka biya kuɗin abu mai wuya.

Game da sa hannu kuwa, shawarata gajeriya ce: ka bar shi tukuna. Sa hannun King na cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, ya kuma canza kama cikin shekaru, don haka kwatanta shi da hoto ɗaya a intanet ba ya wadatarwa. Takardar shaidar da mai sayarwa ya buga da kansa ba ta tabbatar da komai. Wanda na yarda da shi shi ne wanda ke kan shafin da kamfani ya tanada a bugu mai lamba, ko wanda ya fito daga dillalin da ya yarda a mayar masa da kaya.

Saye daga nesa, da adanawa a ƙasarmu

Kasuwar waɗannan littattafai a Amurka da Birtaniya take, da dala da fam ake ciniki. A shafukan ciniki na intanet irin su AbeBooks ko eBay za ka tarar kuɗin aikowa ya fi kuɗin littafin, wasu masu sayarwa ma ba sa aikowa nan. Ni nakan tara uku ko huɗu a adireshin ɗan'uwa a can, in mai zuwa gida ya samu ya taho da su. Wannan ne ma ya sa ba na ba kowa shawarar ya ɗauki abin a matsayin jari. Ranar da ka tashi sayarwa, mai sayen yana wata nahiya, bai san ka ba, kuɗin aikawa kuma a kanka. Ka sayi abin da za ka ji daɗin gani a kantarka ko da ba wanda zai taya. Ka zaɓi layi ɗaya, ko The Dark Tower mai zane ko ayyukan Wrightson, ka bi shi a hankali. Kwafi ɗaya mai lafiya ya fi biyar masu tabo. Kafin ka biya ka nemi hoton ƙashin baya da kusurwoyi da harshen riga, ka tambaya ko akwai hatimin ɗakin karatu, ko an yanke farashi, ko rigar ta asali ce, domin yanzu ana buga riguna na kwaikwayo masu kama da na gaske. A masu zane, ka tambaya ko shafukan launi sun cika, don akwai masu cire su su sa a firam.

Adanawa ita ce jarrabawar da masu tarawa a Turai ba su san irinta ba. Zafin bazara na busar da gam, sai ka buɗe bugun Plume ka ji ƙas, shafin zane ya fito a hannunka. Ƙurar hunturu na kwanciya a saman shafuka ta shige. Damina kuma ta kawo danshi da fumfuna, kuma shafukan launi masu sheƙi in suka sha danshi mannewa suke da juna, in ka ja hoton ya ɗaye. Uwa-uba gara. Na taɓa barin kwali ɗaya a ƙasa jikin bango na yi tafiyar wata uku. Da na dawo, daga waje ba abin da ya nuna, da na ɗaga sai gindinsa ya zube, littattafan ƙasa sun zama ƙasa. Tun lokacin kantar ƙarfe nake amfani da ita, nesa da bango da kamar tafin hannu, ba kuma inda rana ke faɗowa ta taga, domin rana na cinye launin ƙashin baya, musamman ja.

Kada ka sa salatif a inda ya yage, gam ɗinsa na rikiɗa ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada ka kai riga a manne mata leda da inji irin yadda ake yi wa takardun makaranta, wannan kashe ta ne gaba ɗaya. Akwai leda mai garai-garai ta musamman da ake zura riga a ciki ba tare da gam ba, ita ake so. Kada kuma ka ɗaure littafi cikin leda ka rufe ruf, danshin da ke ciki ba shi da mafita. In kana son sa sunanka, rubuta a 'yar takarda ka saka a ciki. Masu kauri irin "It", mai shafi sama da 1,100, nauyin takardunsu na jan ɗinki ƙasa in suna tsaye ba abin tokara, don haka ko ka matse shi tsakanin littattafai masu tsayinsa, ko ka kwantar da shi.

Ba zan iya yanke wa littafinka kuɗi daga nan ba. Farashi na hawa da sauka, fitowar sabon fim ma kan motsa shi, kuma lafiyar littafi sai an riƙe shi a hannu ake saninta. Ka ɗauko shi da rana ka duba sunan kamfani, Viking ne ko Hodder. Ka karanta shafin haƙƙin mallaka duka. Ka buɗe harshen riga na gaba ka nemi farashi a sama. A bugun Viking dala 22.95 ya kamata ka gani. Ka shafa bangon baya ta ƙasa ko za ka ji tambarin kulob. In ka ɗauki hoton wuraren nan huɗu da haske mai kyau ka turo, zan faɗa maka wane bugu ne in Allah ya yarda. Kafin nan ka cire rigar ka shimfiɗa ta a wuri mai tsabta duk sanda za ka karanta shi, in ka gama ka mayar masa.